Kujera ta Huɗu

A Tampere rana ta faɗi tun ƙarfe uku,
ƙanƙara ta binne motocinmu a ƙofar zaure.
Ciki kuwa fitilu sun ɗau zafi kamar bakin murhu,
mu bakwai a jere, kowa da fensir da takarda.
Sunana Sirkka, amma yau ba ni da suna.
Ni ce kujera ta huɗu.

Tun da safe aka tantance su.
Kowacce ta sa hannu: shekara bakwai ban haɗiyi ƙwaya ba,
ban yi allura ba, ban bi ta ɓarauniyar hanya ba.
Aka ɗaura musu waya a yatsa,
na'ura tana sauraro ko zuciya za ta yi tuntuɓe
a kan kalmar "a'a".

Sai ga su, mata tara a kan takalma masu tsini,
fatar da rabonta da rana tun Satumba
an shafe ta da rini har ta koma ruwan shayi,
tana ƙamshin ƙonannen sukari.

"Ku juya dama."
Suka ba mu gefe.
"Ku juya dama."
Suka ba mu baya.

Doka ta ce kafaɗa ta yi faɗi, ƙugu ya tsuke,
baya ya sauko kamar mazurari.
Hagu ta yi kunnen doki da dama,
kada sama ya ci amanar ƙasa.
Tsoka ta yi magana, amma ban da ihu.
Wadda ta bushe har jijiya ta yi rassa a cinya
ta yi ɓatan kai, ajinta yana gaba.
Wadda ta yi laushi kuma a mayar da ita baya.
Tazarar da ke tsakani ba ta kai kaurin fensirina ba,
a kanta nake tafiya shekara goma sha tara
ban taɓa zamewa ba.

Lamba goma sha biyu na san ta.
Outi ce, direbar bas ɗin unguwarmu.
A kwiɓinta na hagu akwai layi fari
inda rini ya ƙi kamawa,
ƙofar da ƙodarta ta bi ta koma jikin ƙaninta Veikko.
Tun daga lokacin kafaɗar nan take ɗan sunkuyawa,
kamar mai leƙen abin da ya fita.

Doka ta ce ki auna abin da ke gabanki,
ba abin da kika ji a tasha ba.
Na duba takardata sama da ƙasa,
babu gurbin ƙoda.
Na san matsayinta. Ta biyar ce.
Hannuna ya rubuta ɗaya.

To, waɗanda suka tsara dokar nan sun san irina.
Maki mafi sama da mafi ƙasa zubar da su ake yi,
a tara biyar na tsakiya.
Ina kallo Päivi mai lissafi ta ja layi a kan ɗayata,
ko ɗaga kai ba ta yi ba.
Outi ta zo ta biyar.

Wadda ta ci, kafin ta rungumi mahaifiyarta,
wata mata mai safar hannu ta bi ta banɗaki da ɗan kofi.
Jorma, babban alƙali, ya raɗa mini:
"Yau kin yi nisa da jama'a."
Na ce na sani.

A baranda na iske Outi zaune kan jakarta,
ta cire tsini ta sa takalmin sanyi,
tana cin burodi da zuma kamar za a ƙwace.
Rini ya ɓata wuyan rigarta.
Ta ce, "Alƙaliya, me zan gyara?"
Na buɗe baki da niyyar cewa babu.
Na ce, "Kafaɗar hagu."
Ta gyaɗa kai, ta ari fensirina,
ta rubuta a bayan lambarta,
ta ce gobe ita ce da bas ɗin biyar da kwata.